Kafin yaro ya sa rigar ekip ɗin makaranta a Amurka: sharuɗɗan da ya kamata iyaye su sani

A filinmu na wasanni akwai tambayoyi biyu da suke yawan dawo mana. Ta farko daga ƴan uwanmu mazauna Amurka take fitowa, irin su Greensboro da New York: yaro ya dawo daga lakwal da tarin takardu cikin Ingilishi, wai sai uwa ko uba sun sa hannu kafin ya buga tamola, to me ke cikinsu? Ta biyu daga nan gida ce: da gaske ne yaron da ya iya ƙwallo yana samun karatu kyauta a can? Wasu ma an ba su shawara su rage wa yaro shekaru a takarda tun yanzu, don in an samu hanya. Yau za mu warware muku yadda abin yake.

A Amurka wasannin matasa cikin makaranta suka fi ƙarfi. Lise ɗinsu shekara 4 ce, daga aji na 9 zuwa na 12, wato daidai da ajin ƙarshe na koleji a wurinmu, wanda ake BEPC a cikinsa, har zuwa tarminal. Makarantu da yawa suna da ekip na ƙwallon ƙafa irin tamu, da ƙwallon kwando, da guje-guje, da kuma tasu ƙwallon da ake bugawa da hular kwano. Tun 1972 doka ta wajabta a ba ƴan mata dama daidai da maza. Akwai ƙungiya ta ƙasa mai suna NFHS, da aka kafa a 1920, wadda ke rubuta dokokin cikin fili. Amma maganar wa ya cancanta ya buga, kowace jiha da nata tsarin, kuma makaranta na iya ƙara nata a kai. Shi ya sa abin da aka gaya wa ɗanka a Texas zai iya bambanta da na ɗan ƙanenka a Ohio. Abin da suka haɗu a kai shi ne: shiga ekip alfarma ce da ake ba ɗalibi bisa sharaɗi, kuma ana iya karɓe ta.

Maki kafin fili

Sharaɗin farko karatu ne. Jihar Texas ce ta yi suna a kan wannan. A 1984 ta kafa doka mai cewa wanda bai ci darasi ba ba ya wasa. Attajirin nan Ross Perot ne ya jagoranci kwamitin da ya kawo shawarar. Makinsu bisa 100 ake lissafa shi, kuma duk ɗalibin da ya samu ƙasa da 70 a darasi ɗaya tak, idan aka rufe lissafin maki na zangon, to an cire shi daga gasa. Da farko hukuncin sati 6 ne. A 1995 aka sassauta ya koma sati 3, aka kuma yarda ya ci gaba da atisaye da abokansa, amma ranar wasa sai kallo. Ko shi ne mai cin ƙwallon ekip ɗin, ko wasan ƙarshe ne, mai horarwa ba shi da ikon sa shi.

Wasu jihohin, kamar California da Florida, mwayen suke dubawa. Nasu bisa 4 ne, ba bisa 20 kamar namu ba, kuma ana son ɗalibi ya kai 2. Makarantu da yawa kuma sun ƙara da cewa wanda bai shiga aji ba ranar wasa, ba zai shiga fili da yamma ba. Saboda haka, ƴan uwa na can, idan yaro ya ce muku yau ba a sa shi ba don mai horarwa ba ya ƙaunarsa, ku fara neman takardar makinsa kafin ku ɗau zafi.

Maganar shekaru

A nan ne abin ya fi shafar mu na gida. A Texas, wanda ya cika shekara 19 kafin ko ranar 1 ga Satumba ba zai buga wa lise ba a wannan shekarar. A North Carolina, jihar da Greensboro take, ranar 31 ga Agusta ce iyaka. Bayan haka akwai ƙa'idar shekara 4: daga ranar da ɗalibi ya shiga aji na 9, shekara 4 a jere gare shi na wasa, ko ya maimaita aji ba za a ƙara masa ba. Dalilin a fili yake. Idan aka haɗa ƙaton mai shekara 21 da yaro ɗan 15 a fili ɗaya, an cuci ƙaramin, kuma ana iya karya shi.

Ƙarya a wannan wurin tana da tsada. A 2010, a garin Odessa na Texas, an gano wani mai shekara 22 yana buga wa wata lise ƙwallon kwando da sunan ɗan shekara 16. An ƙwace wa makarantar nasarorin da ta samu tare da shi, shi kuma ya ƙare a gidan kaso. Haka dokar take a ko'ina can: ekip ɗin da ya sa ɗan wasan da bai cancanta ba, ana mayar da cinsa faɗuwa. Wake ɗaya ya ɓata gari ke nan, sauran yaran da suka yi gumi ba su ji ba ba su gani ba.

Mu ma a yankinmu mun san wannan ciwon. Tun 2009 FIFA ta fara amfani da hoton na'urar MRI na wuyan hannu a gasar ƴan ƙasa da shekara 17, domin ƙashin wurin yana nuna ko girma ya kammala. A 2016, gab da karawa da Mena tamu ta ƴan ƙasa da 17, ƴan wasan Najeriya 26 suka faɗi wannan gwajin. Nijar ta fitar da su, ta zo ta huɗu a gasar Afirka a Gabon, ta tafi gasar duniya a Indiya a 2017, inda ta ci Koriya ta Arewa 1 da 0. Kamaru ma ta sallami yara da yawa daga ekip ɗinta a farkon 2023 saboda gwajin nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mun sani a karkara yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa da wuri ba, sai daga baya a je gaban alƙali a yi ta madadi, a ƙiyasta shekara. Wannan halal ne, doka ta tanade shi. Abin da muke ja muku kunne a kai shi ne a sake wata takarda da gangan don a rage shekaru. Ranar da aka ɗora takardar haihuwa da faspo da takardun makaranta a tebur ɗaya aka ga ba su yi daidai ba, maganar ta wuce ta ƙwallo, ta zama ta biza da zaman ƙasa. In an yi haihuwa, a garzaya a yi rajista a wurin magajin gari ko cibiyar da ke kusa, a adana takardar, kuma ranar haihuwar ta zama ɗaya a ko'ina.

Gwajin likita

Cikin takardun da ake ba iyaye akwai ta likita. Kafin a fara atisaye sai an auna yaro, a yawancin jihohi kowace shekara, a saurari zuciyarsa, a tambayi cututtukan da ke cikin dangi. Kada a ɓoye komai don tsoron a hana shi wasa. Mu da amosanin jini ya yi yawa a cikinmu, ya kamata a faɗa wa likita ko da yaron ɗauke da kwayar kawai yake ba ya ciwo, domin atisaye mai tsanani cikin zafi na iya yi masa illa. Tun 2010 manyan jami'o'in Amurka suka sa wannan gwajin cikin sharuɗɗan ƴan wasansu.

Akwai kuma takardar bugun kai. A 2006 wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Zackery Lystedt ya bugu a ka cikin wasa, aka mayar da shi fili, ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. A 2009 jihar Washington ta yi doka da sunansa, kuma zuwa 2014 duk jihohi 50 sun yi irinta. Wanda ake zaton ya bugu a ka, a fitar da shi nan take, ba ya komawa sai da rubutaccen izinin ma'aikacin lafiya. Wannan darasi ne gare mu da muke zuba wa yaro ruwa a ka mu ce tashi, namiji ne kai.

Hali a fili da wajen fili

Takarda ta ƙarshe alkawari ce, ɗalibi da iyayensa duka suna sa hannu. Giya, taba, ƙwaya, faɗa, zagin alƙalin wasa, wulaƙanta sababbin shiga ekip, duk suna jawo dakatarwa. A yawancin jihohi wanda aka kora daga fili ba zai buga wasa na gaba ba. Makarantu da dama suna bin alkawarin har wajen makaranta, har abin da yaro ya sa a waya, irin cin mutuncin abokin karawa a TikTok ko Instagram. Tun 1995 kotun ƙolin Amurka ta yarda makarantun gwamnati su riƙa gwada fitsarin ƴan wasa ba tare da sanarwa ba don binciken ƙwaya. Iyaye ma ba su tsira ba: uban da ya tashi yana zagin alƙali ana iya fitar da shi, a hana shi sake zuwa kallo.

Canza makaranta don neman ekip mai ƙarfi shi ma akwai hukunci. A Texas, idan aka tabbatar saboda wasa aka yi canjin, yaron zai yi shekara guda bai buga wa babban ekip ba. Sa adireshin wani ɗan uwa alhali ba can yaron yake kwana ba, yana cikin abubuwan da ake bincika.

Ga iyayen ƴan mata, akwai labari mai daɗi. A 2019 an soke sakamakon wata ɗaliba musulma mai suna Noor Abukaram a gasar gudu a Ohio, wai ta sa hijabi ba tare da takardar izini ba. Ita da iyayenta ba su yi shiru ba, kuma a 2022 jihar ta yi doka mai kare suturar addini a wasannin makaranta. NFHS ma ta gyara dokokinta na wasanni da dama tun 2021, ba sai an nemi izini ba. In azumi ya faɗo cikin lokacin gasa, a je a yi magana da mai horarwa tun da wuri.

To, karatun kyauta fa?

Lise ta gwamnati kyauta ce ga yaron da ke zaune a unguwar, ɗan wasa ne ko ba ɗan wasa ba. Wanda zai taso daga waje da bizar karatu kuwa, doka ba ta ba shi fiye da wata 12 a lise ta gwamnati ba, kuma sai an biya kuɗin karatun duka. Burs na wasanni a jami'a ake samunsa, kuma hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, da bakinta ta ce kusan 2 cikin 100 na ƴan wasan lise ne ke samu. A rukunin manyan jami'o'i sai ɗalibi ya ci darussa 16 da aka ƙayyade, da mwayen 2.3 bisa 4. Wanda ya yi karatu a waje ana neman takardun makinsa tun daga aji na 9, da fassararsu. Ke nan yaron da ya bar aji a Tasawa ko Madawa don ya bi tamola, ya rufe wa kansa ƙofar da yake nema. Wanda kuma ya zo ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi miliyoyi ya samo wa yaro burs, a tambaye shi sunan makarantar, a sa ɗan uwa na can ya kira ta da kansa kafin a fitar da ko dala.

A nan gida ma hanya ta fara buɗewa ta cikin makaranta. A 2022 CAF ta ƙaddamar da gasar ƙwallon ƙafa ta makarantun Afirka, maza da mata ƴan ƙasa da shekara 15. A karon farko a Durban, a 2023, wata makaranta ta Gini ce ta ɗauki kofin maza, ta Tanzaniya ta ɗauki na mata, kowace da dalar Amurka 300,000 don ayyukan makaranta. Sharaɗin shiga shi ne ka zama ɗalibi, shekarunka kuma su zama na gaskiya.

Muna kira ga daraktocin koleji da lise, da malaman wasanni, da kwamitocin iyaye: kafin gasar makarantu ta bana, a zauna a rubuta sharuɗɗa a takarda ɗaya, a karanta wa yara da iyayensu da Hausa. A duba takardar haihuwa da ta maki, kuma a daina aron ƙato daga cikin gari a sa masa rigar makaranta ranar wasa. Ƴan uwa na Amurka kuma, kada ku sa hannu a abin da ba a fassara muku ba, ku nemi ofishin wasanni na makarantar ya ba ku tafinta. Mai ƙarin tambaya ya aiko mana, za mu amsa a filin wasanni na mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya raya mana zuri'a.