Sarauniyar Lugu: Tsakanin Sinima Da Tarihi

'Yan'uwana mata, yau zancenmu a kan sinimar nan ne mai suna Sarraounia, wadda Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya shirya a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar. Labarin Sarauniya Mangu ne, ta garin Lugu a ƙasar Dogondutsi, wadda ta tare rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899.

Ɓarnar da aka nuna gaskiya ce. Sun ƙone garuruwa, sun karkashe jama'a a Birnin Ƙonni. Gaskiya ne kuma sojojinsu ne suka harbe su biyun a watan Yuli, wajen Tasawa, arewa da mu nan Katsina.

Amma a lura. Sinimar ta nuna kamar tsoron asirin Sarauniya ne ya wargaza rundunar. A tarihi kuwa, bindiga ta rinjayi baka, Turawa suka ci Lugu, Sarauniya ta janye daji da mutanenta. Abin da ya karya rundunar shi ne kisan Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsayar da ta'asarsu. Labarin ƙuruciyarta kuma mai littafi ne ya tsara shi.

Wannan bai rage mata daraja ba, domin mace ce ta tsaya ran da maza da yawa suka miƙa wuya. To 'yan makaranta, in kun kalla kada ku kwafe shi cikin jarrabawa. Ku tambayi malamanku da kakanninku tukuna. Allah Ya sa mu dace.