Tunawa da Mamata a Sujadar Kirista: Asalinta da Matsayinta a Ƙasar Hausa

Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa, amma kowace al'umma da yadda take tuna waɗanda suka riga ta sa rigar. Yawancinmu mun san sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Abin da bai cika sanuwa ba shi ne yadda maƙwabtanmu Kirista, ciki har da Hausawa na Wusasa da na ƙauyukan kudancin Kano, suke haɗuwa a majami'a su tuna nasu. Sanin wannan kuwa wajibi ne ga duk ma'aikacin da aka ɗora wa hidimar jama'a.

Al'adar tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekarar 155 aka kashe Polikarp, shugaban ikilisiyar Simirna a ƙasar Turkiyya ta yau, sai mabiyansa suka ƙudura za su riƙa taruwa kowace shekara a ranar rasuwarsa. Da masu shahada suka yi yawa har ranakun shekara suka kasa, aka ware ranar 1 ga Nuwamba domin dukan tsarkaka. Sa'an nan a ƙarni na 11, Odilo, shugaban gidan ibada na Cluny a Faransa, ya ƙara ranar 2 ga Nuwamba domin sauran mamata, wato uba da uwa da ɗa, waɗanda duniya ba ta san sunansu ba.

A nan ne ɗariƙu suka sha bamban. 'Yan Katolika suna roƙa wa mamaci gafara, domin sun gaskata addu'ar masu rai tana amfanarsa. Ikilisiyoyin bishara irin su ECWA kuwa suna ganin hukuncin mutum ya yanke tun ranar da ya cika, saboda haka abin da ya rage shi ne a gode wa Allah domin rayuwarsa, a kuma ta'azantar da iyalinsa. 'Yan Angilikan sun haɗa masu ra'ayin biyu. Amma duka sun yarda da abu guda, wato ba a barin mai makoki ya ɗauki kayansa shi kaɗai. Ana ambaton sunan mamaci, a yi karatu da waƙa, jama'a su amsa.

Karatun da aka fi yi shi ne sura ta 15 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, inda ya kwatanta binne gawa da shuka ƙwayar hatsi. Manomin Kadawa ba ya bukatar tafinta a nan. A watan Nuwamba ɗin nan ne yake binne irin alkama a fadamun Kura da Bunkure, ya ba shi ruwan madatsar Tiga, ya jira tsiro. Ma'anar ke nan: Kirista yana kallon kabari a matsayin gona, yana sa zuciya ga tashin matattu.

Har wa yau, wannan sujada ma'ajiyar tarihi ce. A Girku, kudu da Zariya, Walter Gowans na mishan ɗin SIM ya rasu a 1894. Wajen 1913 wasu zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19, suka sadu da Likita Walter Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a jima ba ciwon barci ya faɗa musu, ya kwashe mutane da yawa. Waɗanda suka tsira suna cikin waɗanda suka raya Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew a 1929. Al'umma ƙarama irin wannan, idan ta daina kiran sunayen kakanninta, to asalinta ne take binnewa.

Saboda haka akwai aiki a gabanmu. Ɗalibin tarihi ya nemi littattafan rajista na majami'u tun gara ba ta cinye su ba, ya zauna da tsofaffi tun suna da rai. Ma'aikacin da zai fitar da hanya ko magudanar ruwa kuwa, ya fara tambayar inda maƙabarta take, ta Musulmi ce ko ta Kirista, kafin ya kafa turke.