TSOHON INJIN DA YA SAKE TASHI A TAFKIN TITIKAKA

Daga Wakilinmu

A watan Disamba na shekarar 1999 ne mutanen garin Puno na ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, suka ga wani tsohon jirgin ruwa mai suna Yavari ya bar gaɓa da ƙarfin kansa, bayan ya yi shekara da shekaru a ɗaure. Injin da ya tura shi kuwa tun 1914 yake cikinsa.

Shi wannan jirgi gwamnatin Peru ce ta sa aka ƙera mata shi a Ingila a 1862, tare da ɗan'uwansa Yapura, don aiki a tafkin Titikaka, wanda ke bisa duwatsu, kimanin ƙafa 12,500 sama da teku. Da yake babu hanyar ruwa zuwa can, sai aka kawo jiragen biyu gunduwa-gunduwa har guda 2,766, ko wace ba ta wuce kayan alfadari ɗaya ba. Alfadarai da 'yan dako suka yi ta hawa da su, ba a saka Yavari a ruwa ba sai 1870. Injinsa na farko na tururi ne, kuma saboda rashin gawayi a wurin, da busasshen kashin lama, wata dabba dangin raƙumi, ake hura tukunyarsa. Ashe ba ƙauyukanmu kaɗai suka san amfanin kashin dabba ba.

A 1914 aka cire na tururin aka sa na kamfanin Bolinder na ƙasar Suwidin, mai silinda huɗu da ƙarfin doki 320. To, a nan ne makanike na yau zai iya ruɗewa. In ya duba ba zai ga filogi ba, sai ya ce ai dizal ne. Alhali kuwa ba shi ba ne. Injin dizal yana matse iska ne ƙwarai har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Wannan kuwa matsinsa kaɗan ne, saboda haka aka yi wa kan ko wace silinda wani ƙoƙon ƙarfe. Kafin a tashe shi sai an kunna fitila mai feshin wuta an gasa ƙoƙon nan har ya yi zafi jau, sa'an nan a juya injin da matsattsiyar iska. Man da aka fesa yana taɓa ƙarfen sai ya kama, daga nan kuma zafin aikin ya riƙe ƙoƙon, a kashe fitila. Wani Bature ɗan Ingila, Herbert Akroyd Stuart, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1890. Irin waɗannan injuna ba su da sauri, amma ba su zaɓen mai, kuma kayan cikinsu ba su da yawa.

Wanda bai gane haka ba zai ɓata kwanaki yana neman laifin da babu, ƙarshe ya yanke hukunci cewa injin ya mutu, a sayar wa 'yan gwangwan. Sunan da ke jikin ƙarfen ma jagora ne. Kamfanin Bolinder ya haɗe da na Munktell a 1932, Volvo kuma ya saye su a 1950, watau dai injin yana da magada a raye.

Wata Baturiyar Ingila, Meriel Larken, ita ta sayi jirgin daga hannun sojojin ruwa na Peru a 1987, lokacin da aka riga aka yi watsi da shi. Da aka bincika sai aka tarar jikinsa bai lalace ba, domin ruwan tafkin ba irin na teku ba ne mai cin ƙarfe, iskar wurin kuma busasshiya ce. Hanya mai sauƙi ita ce a tumɓuke tsohon injin a dasa sabon dizal. Ba a yi haka ba, kuma a ganinmu an yi daidai, gama sabon dizal ko'ina akwai shi, amma Bolinder mai girman wannan da ke iya aiki ya yi wuyar samu a duniya. Aka warware shi, aka wanke, aka gyara abin da ya ci, kamfanin Volvo kuma ya ba da taimako. Daga sayen jirgin zuwa ranar da ya sake ratsa ruwan Puno, shekara 12 aka yi.