Akwati na 13: Yadda Lambobin Yabon Sojojin Amurka Ke Ɓacewa a Takardar Sallama

A watan Disamba na 2024 aka maƙala wa gwamnan jihar Maryland, Wes Moore, lambar Bronze Star a ƙirji, shekara 18 bayan dawowarsa daga Afganistan. Wata huɗu kafin nan jaridar New York Times ta tono cewa a 2006, da yake neman gurbin horo a fadar shugaban ƙasa, ya rubuta cewa yana da wannan lamba alhali babu ita a fayil ɗinsa. Tsohon shugabansa a fagen daga, Janar Michael Fenzel, ya fito ya ce shi ya ba da sunansa, shi ne kuma ya ce masa ya rubuta, don a zatonsa an gama sa hannu. Takardar ce ba ta isa inda za ta ba. Aka sake cike wata, rundunar sojan ƙasa ta amince, magana ta mutu.

Ba na yi wa gwamna ƙyashin lambarsa. Saurin ne ya tsaya mini a rai. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma wanda janar ya tsaya masa, 'yan jarida kuma suka sa wa ido, wata huɗu ya ishe shi. Ƙaramin soja da ba shi da kowa, dokar ƙasar da kanta ta ba kwamitocin gyaran takardun soja wata 10 su kammala kashi 90 cikin ɗari na ƙorafe-ƙorafen da ke gabansu, sauran kuma wata 18. Wannan fa bayan ya tara hujjojinsa ke nan, abin da kan ci shekaru. Tushen matsalar a ganina guda ne: hukuma ce ke rubuta takardar, ita ke ajiye ta, ita ke ɓatar da ita, sannan ta juyo ta ce wa tsohon soja ya kawo shaida.

Takardar da ake magana a kanta ita ce DD-214, takardar sallama da ake ba duk wanda ya ajiye kaki tun daga 1950. A akwati na 13 ake jera lambobin yabo da na yaƙe-yaƙen da mutum ya halarta. Ana buga ta ne a kwanakin ƙarshe, lokacin da soja ke zarya daga wannan ofis zuwa wancan da takardar neman sa hannu, ya mayar da kayan gwamnati a sito, ya ga likita, ya ga mai biyan albashi, jakarsa a ɗaure, tikitin jirgi a aljihu. Akawu ya juyo masa da takarda ya ce ya duba ya sa hannu. Idan ya ce akwai lambar da ba a sa ba, sai a ce ina takardar umarnin da ta ba shi? Idan babu, ko ya zauna jiran ta, ko ya tafi gida. Yaron da bai wuce shekara 22 ba, wanda rabonsa da gida an daɗe, kowa ya san wanda zai zaɓa. Akawun ma ba shi da laifi sosai, abin da ya gani a fayil ran nan shi zai kwafa.

Lambobin kuwa ba sa daina zuwa don mutum ya tafi. Lambar kammala aiki takan fito bayan mai ita ya bar bariki. Ta bataliya ko ta jirgin ruwa baki ɗaya takan yi shekaru kafin a amince da ita, a lokacin waɗanda suka yi aikin sun watse. Sai kuma waɗanda ake ƙirƙira daga baya a mayar da su baya. A 1947 aka ce duk sojan ƙasa da ya samu bajen shaidar gwabza faɗa a Yaƙin Duniya na Biyu ya cancanci Bronze Star, shekara biyu bayan an tashi daga yaƙin, yawancinsu sun riga sun koma gona da masana'anta. A 1974 rundunar sojan ƙasa ta fitar da umarnin da ya ba dakarunta da suka yi aiki a Biyetnam izinin ɗaura lambar jarunta ta gwamnatin Biyetnam ta Kudu, bayan dakarun yaƙin Amurka sun fice a 1973. Lambar fursunonin yaƙi ta 1985 an mayar da ita har 1917. Ta aikin tsaron Koriya, wadda aka sa wa hannu a 2002, ta haɗa da waɗanda suka yi aiki can tun Yulin 1954. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan umarni, ranar da ya fito ya mayar da takardun sallamar ɗimbin mutane masu giɓi, kuma ba a bin mutum gida da gyararriyar takarda. Sai wanda ya ji labari, galibi a bakin abokin yaƙi ko a taron ƙungiyar tsofaffin sojoji, ya cike fom ya nema.

Neman ma yana da sauƙi idan fayil na nan. A daren 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a hawa na shida na ma'adanar takardun ma'aikata da ke St. Louis a jihar Missouri, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Kusan kashi 80 cikin ɗari na takardun sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960 sun tafi, wato mutanen yaƙin duniya biyu da na Koriya. Na sojan sama da aka sallama daga 1947 zuwa farkon 1964, kusan kashi 75 na waɗanda sunayensu suka zo bayan sunan Hubbard a jerin haruffa. Babu kwafi, ba a kuma ɗauki hotonsu ba. Har yau ma'aikatan wurin na harhaɗa tarihin mutum daga takardun albashi, rajistar asibiti da rahoton safiya na kamfani-kamfani. Kada a ce wannan tsohon zance ne na zamanin takarda: a 2012 binciken kafar labarai ta ProPublica da jaridar Seattle Times ya nuna cewa rundunoni da dama da suka yi yaƙi a Iraƙi da Afganistan ba su ajiye rahotannin fagen daga ba, wasu ma an goge su daga kwamfuta kafin a dawo gida. Da annobar korona ta rufe ma'adanar St. Louis, buƙatun da suka taru sun haura 600,000 a Maris na 2022, kuma sai a Janairun 2024 aka sanar da cewa an share su.

Duk da wannan tarihi, ƙa'idar da kwamitocin gyara ke aiki da ita ita ce a ɗauka hukuma ta yi daidai har sai mai ƙorafi ya tabbatar da akasin haka. Idan an riga an ba ka lamba, mantawa kawai aka yi ba a rubuta ba, kuma kana riƙe da kwafin umarnin, to ka tsira: ka tura wa ofishin ma'aikata na rundunarka, na sojan ƙasa a Fort Knox, na sojan ruwa a Millington, a aiko maka da 'yar takardar gyara, DD-215, mai cewa a ƙara kaza a akwati kaza. Idan sun ƙi, ka cike fom ɗin DD-149 ka kai gaban kwamiti, cikin shekara uku da gano kuskuren, ko da yake sukan ɗaga ƙafa. Wahalar tana kan wanda takardar ba da sunansa ce ta ɓace tun farko. Shi sai ya nemo wanda zai sake ba da sunan, ya samo shaidun gani da ido su yi rantsuwa a rubuce, ya bi sawun kwamandojinsa na wancan lokaci, sannan ya sami ɗan majalisar tarayya ya miƙa, don wa'adin ya daɗe da wucewa. Wanda ya je Biyetnam yana ɗan 19 a 1968 yanzu ya haura 75. Kwamandansa fa?

Labarin Kanar Paris Davis ya isa misali. Yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka zama hafsoshi a runduna ta musamman. A Yunin 1965, a kusa da Bong Son, ya ƙi barin mutanensa da aka raunata duk da shi ma ya ji rauni. Aka ba da sunansa don lambar Medal of Honor, mafi girma a ƙasar, takarda ta ɓata. Aka sake, ta sake ɓata. Sai a Maris na 2023 Shugaba Biden ya rataya masa ita, bayan wasu 'yan sa kai sun shafe shekaru suna tono takardu. Takarda ɗaya ta mutum ɗaya ta ɓace sau biyu a shekarun da ake rikicin wariyar launin fata, ni dai ban yarda tsautsayi ne ba. Hukumar ma ta amsa irin wannan a wasu lokuta: a 1997 aka ba baƙaƙen sojoji 7 na Yaƙin Duniya na Biyu wannan lamba, Vernon Baker ne kaɗai ke raye, a 2014 kuma aka ba wasu 24 bayan bitar fayilolin Yahudawa da 'yan asalin Latin Amurka.

Masu cewa ai ƙarfe ne da ƙyalle ba su duba abin da ke rataye da layin nan na akwati na 13 ba. Lambar Purple Heart, ta wanda aka raunata a yaƙi, tana ɗaga mutum zuwa rukuni na uku a asibitocin tsofaffin sojoji, tana ƙara masa maki 10 a neman aikin gwamnatin tarayya, kuma bisa dokar 2017 tana ba wanda ya same ta bayan 11 ga Satumba 2001 cikakken tallafin karatu komai gajartar aikinsa. Tana ba da damar binnewa a maƙabartar sojoji ta Arlington. Bajen shaidar gwabza faɗa kuwa hujja ce a wajen mai neman diyyar taɓuwar hankali da yaƙi ya jawo. Bayan harin makamai masu linzami da Iran ta kai sansanin Ainul Asad a Iraƙi ranar 8 ga Janairu 2020, an tabbatar sojoji sama da 100 sun samu buguwar ƙwaƙwalwa, amma 29 aka fara ba Purple Heart. Shugaba Trump a lokacin ya kira abin ciwon kai. Sai da gidan talabijin na CBS ya ɗaga maganar aka ƙara wa wasu 39 a Disambar 2021, wasunsu sun riga sun ajiye aiki da takarda mai giɓi.

Masu kare tsauri suna da abin faɗa, ba zan hana su ba. Maƙaryata na nan, masu sayen lamba a kanti su shiga taro da ita. Kotun Ƙoli ta soke dokar hukunta irinsu a 2012, majalisa ta sake yin wata a 2013 da ta tsaya kan mai ƙarya don samun abin duniya. Sojoji kuma ba sa wasa da wannan: a 1996 Admiral Jeremy Boorda, shugaban sojan ruwa, ya kashe kansa a ranar da 'yan jaridar Newsweek za su tambaye shi kan wata 'yar alama da ya taɓa maƙalawa a lambobinsa biyu. Idan kwamiti zai karɓi kowace rantsuwa bayan shekara 50, lambar za ta yi arha. Na yarda a tsaurara kan lambar jarunta, inda magana ta dogara da abin da wani ya ce ya gani. Sai dai wannan hujja ba ta taɓa lambobin da ake bayarwa don mutum ya kasance a wuri kaza a lokaci kaza. Mai ƙarya ba ya iya shigar da sunansa cikin rajistar albashin 1969.

Illar tsarin ita ce ya zama gwajin iya bin takarda. Wanda ya yi karatu, yake da 'ya mai naci ko ɗan majalisa mai sauraro, takardarsa takan cika. Wanda ciwon da yaƙi ya bar masa ne ma ke hana shi zama ya cike fom, tasa takan zauna yadda akawu ya buga ta. Iyalai da yawa sai wajen rubuta dutsen kabari suke ganowa, don hukuma ba ta sassaƙa lambar da ba a kawo mata shaidarta ba. Doka ta yarda matar mamaci ko magajinsa su nemi gyara, amma a lokacin wanda ya san sunan bataliya da ranar da abin ya faru ba ya nan.

Abin da ma'aikatar tsaro za ta iya yi ba ya buƙatar sabuwar doka mai tsawo. Ranar da aka amince da lambar wata runduna, ko aka mayar da wata baya, jerin sunayen waɗanda suka yi aiki a wurin yana hannunta, musamman na shekarun da komai ya koma kwamfuta. Ta buga DD-215 ta aika, ta sanar da ma'aikatar tsofaffin sojoji, wadda ta riga ta san adireshin miliyoyinsu. Inda kuma aka tabbatar fayil ya ƙone a St. Louis ko an goge shi a Iraƙi, kwamiti ya daina ɗauka cewa hukuma ta yi daidai, ya karɓi wasiƙar da soja ya aiko gida a lokacin, ko takardar asibiti, ko rantsuwar mutum guda da ya rage a raye.