Kurman Yaro Tsakanin Likita da Malami

Duk wanda ya san Arewa a shekarar 1996 bai manta da annobar sanƙarau ba. Fiye da mutum dubu 100 suka kamu a Nijeriya, fiye da dubu 11 suka riga mu gidan gaskiya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, cikin yaran da suka tsira, da dama sun tashi ba sa ji. A littafin asibiti an rubuta sun warke, an sallame su. To, daga nan sai hannun wa?

A nan gizo ke saƙar. Likita na ganin aikinsa ya ƙare da zazzaɓi ya sauka. Malamin firamare, wanda ba a koya masa gane alamun kurumta ba, sai ya ɗauki yaron daƙiƙi ko mai taurin kai. Jami'in jin daɗin jama'a kuwa ba ya samun labari sai yaro ya bar aji ya shiga bara. Kowannensu na da ma'aikatarsa da fayil ɗinsa da ƙungiyar da ke kare martabar sana'arsa, har da sunan da yake kiran yaron: wannan ya ce majinyaci, wancan ya ce ɗalibi, na uku ya ce mai buƙata ta musamman.

Mu masu nazarin harshe mun san tsadar wannan jinkiri. Yaron da ya kurumce kafin ya iya magana, in bai sami wani harshe ba a shekarunsa na farko, na baki ko na hannu, giɓin na bin sa har girma. Shi ya sa a Amurka aka tsara a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Ba likitan da zai iya wannan shi kaɗai.

Akwai kuma gwanin da ba a kira zaman shawara, wato kurame manya. Kuramen ƙasar Hausa na da harshensu, Maganar Hannu, wanda Constanze Schmaling ta rubuta littafi a kansa a shekarar 2000. Makarantu kuwa sun fi karkata ga alamomin Amurka da Andrew Foster ya kawo Ibadan a 1960. Ke nan yaro na iya zuwa aji ya tarar da hannun malami daban da na gida. Wa zai haɗa biyun in ba kurma babba ba, ko da ba shi da digiri?

Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi da lafiya, amma doka ba ta kai takarda daga wannan ofis zuwa wancan. A ganina, asibitin da ya sallami yaro bayan sanƙarau ya wajaba ya gwada jinsa, ya rubuta wa makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano. Jami'ar Bayero kuma, tunda tana horar da likitoci da malaman ilimi na musamman, ta zaunar da su aji ɗaya ko da na zango guda ne.