Tignère: Hutun Hunturu a Kan Tudun Adamawa

Tignère, wanda ake furta sunansa "Tinyer", ƙaramin gari ne a yankin Adamawa na ƙasar Kamaru. Shi ne hedikwatar gundumar Faro-et-Déo, wadda ta samo sunanta daga kogunan Faro da Déo, ta kuma ƙunshi ƙananan hukumomi 4: Tignère da Galim-Tignère da Mayo-Baléo da Kontcha. Garin yana yamma da Ngaundere, babban birnin yankin, da nisan fiye da kilomita 100, kuma gundumar ta yi iyaka da Najeriya. Yana zaune ne a kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga doron teku. Wannan tudu shi ne tushen duk abin da baƙo zai tarar a wurin, daga sanyin iska zuwa yawan shanu, har ma da tarihin mutanen ƙasar.

Yanayin hunturu

Shekara a tudun Adamawa ta rabu gida biyu. Damina tana kamawa daga watan Afrilu zuwa Oktoba, ruwan da ake samu kan kai kimanin milimita 1,500. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma rani ne, kuma tsakiyarsa, wato Disamba da Janairu, ita ce lokacin hunturu. A lokacin ne busasshiyar iska mai ɗauke da ƙura ke kaɗawa daga arewa maso gabas, hazo ya rufe kawunan duwatsu da safe, rana ta fito ba ta da kaifi sosai, da dare kuma ɗari ya sauko.

Sanyin wurin yana da dalili. Duk hawan mita 1,000 da aka yi, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6. Birnin Garwa, alal misali, yana kwance a kwarin Binuwai, kusan mita 200 kacal daga doron teku, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Wanda ya taso daga can ya hau gangaren dutsen da ke tsakanin Mbé da Ngaundere, tun a cikin mota jikinsa zai gaya masa ya shiga wata ƙasa. Ga mutumin Garwa ko Marwa ko Yola, ɗarin Tignère na neman bargo da rigar sanyi. Lokacin hunturun ya kuma dace da hutun makarantu na ƙarshen shekara, ga hanyoyin ƙasa sun bushe, rafuka sun janye, ana iya kaiwa ƙauyukan da damina ke yankewa.

Tarihin garin

Kafin zuwan Fulani, tudun yana hannun ƙabilu irin su Mbum da Nizaa da Péré. A farkon ƙarni na 19 Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usman Ɗanfodiyo, ya kafa daular Fombina, wadda aka mayar da cibiyarta Yola a 1841. Sannu a hankali Fulani suka hau tudun da garkunansu, suka kafa masarautu 4 da suka yi fice: Tibati da Banyo da Ngaundere da Tignère. A wancan zamani kowace tana da lamiɗonta, dukkansu kuma a ƙarƙashin Yola suke, Yola kuma tana bin Sakkwato. Masanin tarihin Kamaru Eldridge Mohammadou ya tattara labarin masarautun huɗu a littafinsa Fulbe Hooseere na shekarar 1978. Ma'anar sunan ita ce Fulanin dutse.

Hausawa sun shigo yankin ne ta hanyar fatauci. Ayarin 'yan kasuwa kan taso daga Kano su bi ta Yola, su yada zango a Kontcha, sannan su hau tudun zuwa Banyo da Tibati, suna sayen goro da hauren giwa. Cinikin bayi ma yana cikin abin da ya raya waɗannan hanyoyi a wancan zamani. Wasu fataken sun zauna sun yi iyali, har yau kuma ana samun unguwannin Hausawa da Barebari a garuruwan tudun. Sawun wannan cuɗanya yana nan a fada, inda ake jin sarautu irin su Galadima da Kaigama da Sarkin Shanu da Sarkin Fada.

Jamusawa sun ci Tibati a 1899, suka ci Ngaundere a 1901, shekarar da Ingilishi suka kama Yola. Da haka iyakar Turawa ta raba Tignère da uwar ɗakinta, Yola. Bayan an kori Jamusawa daga Kamaru a 1916, yankin ya koma hannun Faransa har zuwa samun 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, 1960. A 1983 aka yanke lardin Adamawa daga babban lardin Arewa, wanda hedikwatarsa ke Garwa.

Dutsen Djim da bikin Nyem-Nyem

Wurin da ya fi jan baƙi a lokacin hunturu shi ne dutsen Djim, kusa da garin Galim, kudu maso yamma da Tignère. Mazauna wurin suna kiran kansu Nizaa. Nyem-Nyem suna ne da maƙwabta suka laƙaba musu, da shi kuma aka fi saninsu. Sa'ad da mahayan Fulani suka mamaye filayen tudun, Nizaa sun haye dutsen, suka mayar da kogwanninsa mafaka, inda doki ba ya iya bin mutum. Daga nan suka yi ta fafatawa da mayaƙan Tibati, daga baya kuma da sojojin Jamus, a ƙarƙashin sarkinsu Njomna, wanda har yau ake ambaton sunansa da girmamawa.

Kowace shekara, galibi a watan Janairu, 'yan ƙabilar na kusa da na nesa kan hallara a dutsen don bikin da suke kira Mvouri. Ana hawa a ziyarci kaburburan sarakunan da suka gabata, a share su, a yi addu'a, a gindin dutsen kuma a yi raye-raye da sukuwar dawaki da kasuwa. Musulunci ya daɗe da shiga cikin Nizaa, shi ya sa bikin ya haɗa tunawa da kakanni da addu'o'in malamai, jikokin waɗanda aka yi yaƙi da su kuma suna cikin mahalarta.

Tchabal Mbabo da ƙasar shanu

Yamma da Tignère akwai jerin tsaunukan Tchabal Mbabo, masu tsayin kimanin mita 2,400. Da Fulatanci, kalmar "caɓɓal" tana nufin shimfiɗaɗɗen tudu mai ciyawa. Tsaunukan suna maƙwabtaka da gandun dajin Gashaka-Gumti na Najeriya, inda Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, yake da mita 2,419. A gangaren Tchabal Mbabo akwai kurmi irin na kan tsauni, kuma masu nazarin tsuntsaye sun sa wurin cikin muhimman wuraren taruwar tsuntsaye na Afirka. Hawansa sai da ɗan jagora da guzuri da ƙarfin ƙafa.

Daga tudun Adamawa ne manyan koguna da dama ke ɓuɓɓugowa, abin da ya sa ake yi wa Adamawa laƙabi da rumbun ruwan Kamaru. Kogin Faro na gangarawa arewa, Déo ya shiga cikinsa, su zuba a Binuwai dab da iyakar Najeriya. Ruwa da ciyawa da maɓuɓɓugan kanwa, waɗanda Fulani ke kira lahore, su suka mayar da yankin ƙasar kiwo, musamman na shanun gudali. Daga wajajen 1950 ƙudan tsando ya mamaye makiyayar Tignère, ya kori garkuna masu yawa, sai da hukuma ta shiga feshin magani ta jirgin sama daga 1976 kafin makiyaya su fara dawowa. A kasuwannin yankin ana samun madara da kindirmo da man shanu da kilishi da zuma, wadda Adamawa ta yi suna a kanta.

Hanya da shirin tafiya

Ngaundere ce ƙofar shiga. Daga Garwa ana bin babbar hanyar kwalta ta kusan kilomita 280. Daga Yawunde kuma akwai jirgin ƙasa na dare, a layin dogon da ya iso Ngaundere a 1974. Daga nan sai motar haya zuwa Tignère. Yawancin hanyoyin cikin gundumar na jar ƙasa ne, ƙura kuwa sai wanda ya gani, kuma babur ne ke kai mutum ƙauyuka da gindin duwatsu. Masaukin baƙi kaɗan ne kuma ba na alfarma ba, don haka mai niyyar zuwa lokacin biki yakan nemi wurin kwana tun da wuri. Ciniki da tsabar kuɗin sefa ake yi.

Fulatanci ne harshen kasuwa da hulɗa, Faransanci na ofis da makaranta, Hausa kuma tana biyan buƙata a tasha da wajen mahauta da 'yan tireda. Wanda ya fito daga wata ƙasa yana buƙatar fasfo da katin rigakafin shawara. Gidan sauro ma yana da amfani, domin sanyin tudu bai hana zazzaɓin cizon sauro ba.

Al'adar ƙasar ita ce baƙo ya fara kai gaisuwa ga lamiɗo, ko ga jauro idan ƙauye ne, ya tuɓe takalmi a ƙofar fada, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ba a ɗaukar hoton mutane ko kaburburan dutsen Djim sai da izini. Yankin ya yi fama da masu satar makiyaya don neman kuɗin fansa a shekarun baya, saboda haka ana guje wa tafiyar dare, kuma ba a shiga daji sai an sanar da hukuma da masu gari, an kuma samu ɗan ƙasa da ya san hanya.