Manoman Da Suka Sari Daji A Bakin Kogin Nilu

Duk wanda ya fita ta Ƙofar Dawanau a Kano, ya kama hanyar Katsina, ba zai yi nisa ba zai tarar da kasuwar Dawanau, inda ake hada-hadar dawa da gero da wake da riɗi. Tun zamanin da, ƙasar da ke kewaye da ganuwar Kano ba ta da saura, gona ce ke bin gona, ana kai mata takin birni a kan jakuna kowace shekara. Saboda haka magidancin da ya tashi ya tarar gonar gado ta yi wa 'yan'uwa kaɗan, sai ya ɗauki gatari ya nemi sabon daji. Babu waɗanda suka yi nisa a wannan nema kamar Hausawan da suka zauna a ƙasar Sudan.

Asalin tafiyar dai addini ne, domin ta nan hanyar alhazai ta ƙasa ta bi. Amma babban tashi ya auku ne a shekara ta 1903, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano cikin watan Fabrairu, sa'an nan Sakkwato cikin Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a suka yi ta barin gidajensu suna bin sa, har ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, wajen shekara ta 1906 suka sauka kusa da Sannar, a bakin reshen Kogin Nilu da ke gangarowa daga Habasha. Garin da suka kafa har yanzu Mai Wurno ake kiransa.

Iyalin da suka kama wannan hanya, a lokacin ko bayansa, sukan shekara da shekaru ba su isa ba. Maigida yana gaba da jaki, uwargida da goyo da tukunya, yara suna kora 'yan awaki. Su ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, inda damina ta riske su, su roƙi fili su yi noma, da kaka su ƙulla guzuri su ƙara gaba. Da yawa an haife su a hanya, da yawa kuma a can aka binne su.

In an sauka, shekarar farko ita ce mai ɗaci. A kafa bukka, a sare ƙaya, a ƙone kututture, a yi shuka da irin da aka hana ciki. Kafin amfani ya nuna, maigida ya yi ƙodago a gonar wani, mata su yi dakau da sana'ar abinci, yara su yi itace. Ranar da aka ɗaga rumbun farko, ranar ce ake cewa gida ya zauna. Da aka buɗe madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka fara noman auduga na Jazira, sai ga ƙarfin Hausawa da Fulani da Barebari ya zama abin nema wajen tsinkar auduga. Haka kuma suka yi aiki tuƙuru a gonakin dawa da riɗi na yankin Gadarif. Mutanen ƙasar suka haɗa su duka suka kira su Fallata ko Takari.

Wannan labari yana da ɗan'uwa a wata nahiya. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a tsibirin Ayalan, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka tsallake teku, akasari zuwa Amurka. Yawancinsu a birane suka tsaya, amma wasu iyalai sun nausa yamma, jihohin Nebraska da Minnesota, inda itace ya yi ƙaranci har sukan yanko ƙasa mai ciyawa su gina ɗaki da ita, su yi fama da fari da sanyi mai kisa. Sai dai dokar da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862 ta ba magidanci eka 160, in ya zauna ya noma ta shekara 5 sai a ba shi takardar mallaka, ko da yake ƙasar daga hannun Indiyawan daji aka ƙwace ta.

A nan ne hanyoyin biyu suka rabu. Yawancin mutanenmu a Jazira ba su sami gonar kansu ba, sun zauna ne a 'yan unguwannin ma'aikata a gefen gonakin wasu. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 kuwa ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun ƙarshen 1897, abin da ya bar jikokin muhajirai a waje, sai daga baya aka sassauta. Duk da haka maganar ba ta mutu ba. A watan Yuli na 1922 babu wanda zai yi zaton haka, amma shekara ɗari bayan nan, a Yulin 2022, rikici ya ɓarke a yankin Damazin bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu kabilu suka ce ba su da ƙasa a wurin. Fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu, dubbai suka bar gidajensu.

Ga ma'aikatan ƙasa da safiyo da ɗaliban da za su gaje su, akwai abin lura a nan. Manomanmu har gobe suna barin kewayen Kano suna saran daji a wasu jihohi bisa amincewar baki kawai. Matuƙar ba a rubuta wa mai gatari matsayinsa tun yana raye ba, to, jikokinsa ne za a tambaya inda suka fito.